Adireshin Mai Lungu

Magariba ce irin ta kullum, babu abin da ya raba ta da ta jiya. Rana ta faɗi ta bar ɗan ja a saman katanga, kiran salla yana tasowa daga nesa. Maman Balbela ta lulluɓe keken ɗinkinta da zane, ta shiga kicin don ta sauke taliya. 'Yarta tana kwance rubda ciki a kan tabarma a baranda tana aikin makaranta, yarinya 'yar kimanin shekara goma, wadda dogon wuya da son fararen kaya suka jawo mata sunan Balbela tun tana tatata. Maigidan kuwa, wanda duk unguwa ke kira Injiniya, yana can ɗakin lungu wajen na'urarsa, inda yake wuni, ya kuma kusa kwana.

Ta kama tukunyar da tsumma, ta kai bakin rariya ta tsiyaye ruwan zafin. Tururi ya taso ya rufe mata fuska. A daidai wannan lokacin wuta ta ɗauke.

Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a gidan, amma wannan shirun daban yake. Ƙugin na'urar nan da kunne ya saba da shi har ya daina ji, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu, sai ga shi ko kukan gyare babu. Tana tsaye da tukunya a hannu ta ji dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya dire a tsakar gida kusa da ƙafarta. Ba a jima ba wani ya biyo shi. Ta leƙa waje da niyyar yi wa yaran maƙwabta faɗa, ta tarar layin fayau, ko akuya babu. Da ta dawo ta taɓa duwatsun da yatsan ƙafa, sai ta ji su da sanyi da laima kamar yanzu aka tsamo su daga rijiya.

Sai a lokacin tambaya ta faɗo mata. Da ta zubar da ruwan nan, ta yi bismillah kuwa? Ta juya abin a ranta, ta sake juyawa, ba ta tuna ba.

Ya kamata a san irin sana'ar Injiniya, don a kanta komai ya rataya. Babbar kwamfuta ce guda ɗaya, baƙa, tsayinta ya kai ƙugun mutum. A cikinta ya gina ƙananan kwamfutoci waɗanda ba su da jiki, ba a ganinsu ba a taɓa su, amma kowacce tana aiki kamar ta gaske. Ɗaya ta wani mai kantin magani ce, ɗaya ta wata makaranta, ɗaya ta wasu masu motocin haya. Ya taɓa yi wa matarsa bayani cewa kamar gidan haya ne: uwar na'ura ita ce gida, ƙananan su ne ɗakuna, kowane ɗaki da lambarsa a ƙofa, wato adireshi, da shi mai ɗaki yake samun ɗakinsa ta intanet daga duk inda yake. Adireshin da ba ya canzawa 'yan kaɗan ne kamfanin intanet ya ba shi, yana tattalinsu kamar ƙwai. Sauran na aro ne, duk sanda na'ura ta mutu ta tashi sai ta sake raba su yadda ta ga dama.

Da ya gama ta yi dariya ta ce, "Abin da ba shi da jiki amma yana da ɗaki? Ashe aljanu kake mana kiwo a gida."

Bai yi dariya ba, ita kuwa ta ɗauka gajiya ce.

Shi ma ɗakin lungun yana da nasa tarihi. Tsohuwa, mahaifiyar Injiniya, ta bar shi a rufe tsawon rayuwarta, ko tsinke babu a ciki, tana cewa laima ta yi masa yawa. Jefi-jefi takan buɗe shi da hantsi ta share, sai ta yi sallama a bakin ƙofa kafin ta shiga, surukarta kuwa tana kallon hakan a matsayin rigimar tsufa. Bayan rasuwarta Injiniya ya ce duk gidan babu ɗaki mai sanyinsa, na'ura kuma ba ta shiri da zafi. Ya kwashi wayoyinsa da batiransa ya kai can, aka daɗe ana zaune lafiya.

Daga wannan magaribar zaman lafiyar ya ƙare. Batirin da ya kamata ya riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke ya zama sai ya bi wutar su tafi tare. In ta dawo, na'ura ta tashi, sai a tarar ɗakunan nan sun yi musayar ƙofofi. Mai kantin magani ya buɗe nasa ya ga sakamakon jarrabawar yara. Makaranta ta buɗe ta ga sunayen direbobi. Injiniya ya zauna ya ɗaure kowane ɗaki da lambarsa, ya kashe na'ura da hannunsa ya kunna don gwaji, komai ya tsaya cak. Amma da zarar wuta ta ɗauke da almuru ta dawo, sai ka ce wani ya bi ɗaki-ɗaki yana ƙwanƙwasawa yana fito da mutane. Wayarsa ta daina hutawa, kullum yana tsakar gida yana ba da haƙuri da murya mai taushi, in ya kashe ya shigo gida da fuska kamar hadari.

Da a nan abin ya tsaya, da Maman Balbela ta ce matsalar maza ce da ƙarafunansu. Sai dai wata magariba da wuta ta ɗauke, duwatsu suka fara sauka, ta juya ta ga tabarma ba kowa. Ta haska fitilar waya ta bi gidan. A cikin sito ta sami Balbela, tsakanin buhun shinkafa da bango. Yarinyar tana tsaye, fuskarta na kallon bango, tana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa a hankali, irin ƙwanƙwasar mai ladabi. Leɓenta yana motsi. Uwar ta matsa kusa ta kasa kunne.

"Ashirin da bakwai," in ji yarinyar. "Ashirin da bakwai. Ina ƙofata?"

Ba muryarta ba ce. Muryar tsoho ce, mai nauyi, wadda ta gaji.

Uwar ta rungume ta tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Jikin yarinyar sanyi ƙalau. Sai da wuta ta dawo, ƙugin na'ura ya daɗe da tashi, sannan ta yi laƙwas a hannunta, ta farka tana tambayar wa ya kawo ta sito.

Injiniya yana shan shayi sanda matarsa ta faɗa masa. Da ta ambaci lambar, kofin ya kusa suɓuce masa, shayi ya zuba a wandonsa. Ya goge, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Lissafin makaranta ne ya cika mata kai. Yaran yanzu ana ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu."

Abin bai tsaya a sito ba. Gobe a same ta a banɗaki tana ƙwanƙwasa tankin ruwa, jibi a bayan ƙofar falo. Yarinyar da ba ta rufe baki don surutu ta koma shiru, fararen kayan nan suka fara yi mata yawa. An kai ta asibiti, aka auna jini aka duba ido, aka ce ba a ga komai ba. Abin da ya fi yi wa uwar ciwo ba muryar tsohon ba ce. Wata safiya ce da yarinyar ta farka, ta dubi rufi, ta dubi labule, ta ce da muryarta ta kanta, "Mama, nan gidanmu ne?" A nan ta gane 'yarta tana zamewa daga hannunta kaɗan-kaɗan, kuma wata rana za ta fita neman ƙofar nan ba ta dawo ba.

Ranar ta kasa riƙe abin da ke cinta. Ta sami mijinta a ɗakin lungu, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce, "Baban Balbela, ni na jawo mana. Ranar da abin nan ya fara na zubar da ruwan zafi a rariya da magariba, kuma ina jin ban yi bismillah ba. Wataƙila na ƙona wani ko ɗan wani. Laifina ne take ɗauka."

Bai juyo ba. Hasken allon kwamfuta yana kan fuskarsa. Can ya ce, "Ai na sha gaya miki ki riƙa kula." Ya ƙara da cewa, "Ki yi ta istigfari. Allah Ya kyauta."

Bai taɓa gaya mata ba, ko sau ɗaya. Amma wanda laifi ya danne ba ya tsayawa binciken magana. Ta karɓa ta ɗora a kanta. Ta shiga azumi, ta daina karɓar ɗinki, ta rame har ta fi yarinyar. Da la'asar sakaliya sai ta yanko ƙyalle ta ɗaure hannun yarinyar da nata, su zauna a baranda suna jiran duhu kamar masu jiran hukunci. In ta haɗa ido da 'yarta sai ta kau da kai don kunya. Sau da yawa ta ce a nemo malami, shi kuwa sai ya ce kada su tara wa kansu jama'a, abin zai wuce, ya kusa gano bakin zaren matsalar na'ura, in ya gama zai ji da wannan.

Sai ranar da ta tashi ɗauro alwala ta kwance ƙyallen na ɗan lokaci. Wuta ta ɗauke. Kafin ta fito ƙofar gida a buɗe take. Ta bi layi ba takalmi ba mayafi, ta sami 'yarta can bakin babban titi, motoci na wucewa da gudu, yarinyar ta sa ƙafa ɗaya a kan kwalta tana miƙa hannu tana neman abin ƙwanƙwasawa a iska. Ta suro ta ta dawo gida. Washegari ba ta shawarci kowa ba, ta yafa mayafi ta tafi wajen malamin unguwarsu.

Malam ɗan gajeren tsoho ne mai tabarau da tari, wanda ba ya son hayaniya, ba ya kuma zuwa da tawaga. Ya iso bayan la'asar da buta da carbi. Tun bai zauna ba ta fara zayyana masa zancen ruwan zafi tana kuka. Ya saurara har ta gama, ya ce, "'Yata, ruwa kowa yana zubarwa. Ki bari mu ji daga bakin mai ƙara." Ya zaga gidan a hankali. A ƙofar ɗakin lungu ya tsaya, ya daɗe, sannan ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Maman Balbela ta tsaya cak, don rabonta da jin an yi wa ɗakin nan sallama tun Tsohuwa na da rai.

Injiniya ya gaishe shi a tsaye, ya ce akwai wanda ke jiransa a waje. Malam ya ce, "Zauna, maigida. Ba a yi wa mutum shari'ar gidansa ba ya nan."

Suka yi salla, suka zauna a baranda, yarinyar tana jikin uwarta. Duhu ya fara sauka a kan katanga. Can fankar falo ta yi sanyi ta tsaya, ƙugin na'ura ya mutu, dutse ya sauka a kan kwano ya gangaro. Yarinyar ta miƙe zaune, wuyanta ya sanƙare. Malam ya dafa kanta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai yi wa jariri waƙa. Ya daɗe yana yi. Yatsunta suka fara karkarwa, numfashinta ya yi nauyi, sannan bakin ya buɗe.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san abin da kake karantawa."

"To ka san zalunci haramun ne. Wane ne kai?"

"Tsohuwa tana ce mini Mai Lungu. Ina cikin ɗakin can tun ba a yi wa gidan nan rufi ba. Ta bar mini wurina, na bar mata nata. Ban taɓa fasa mata ko kofi ba."

Maman Balbela ba ta san sanda ta yi magana ba. Ta ce, "Don Allah ka yafe mini. Ni na zuba ruwan. Ka kama ni ka sake ta."

Kan yarinyar ya juyo a hankali. Idanun suka tsaya a kanta, babu fushi a cikinsu.

"Wane ruwa? Me zai kai ni rariya, ni da nake da ɗaki? Baiwar Allah, tun da aka kawo ki gidan nan ba ki taɓa zubar da ruwa ba ki ambaci sunan Allah ba. Ranar ma kin yi. Bakinki ya saba ne, har kin daina jin kanki."

Ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, amma bai bar mata sauƙi ba, sai wani sanyi da ya maye gurbinsa.

Malam ya ce, "To me ya fito da kai?"

"Ka tambayi ɗan Tsohuwa. Tana kan gadon mutuwa ta kira shi shi kaɗai, ta ba shi amanata, ya ce ya ji ya ɗauka. Ƙasar kabarinta ba ta gama bushewa ba ya shigo mini da ƙarfe mai ƙugi. Na yi masa magana ta bango. Ya durƙusa ya ce in yi haƙuri, abincinsa ne. Ya ce zai gina mini ɗaki a cikin ƙarfen, wanda ba mai shiga, ya sa masa lamba ta dindindin, ko wuta ta tafi ta dawo zan tarar da ƙofata inda na bar ta. Na yarda, don ɗanta ne. Ya ba ni ashirin da bakwai. Ɗakin ba laifi, akwai shiru."

Muryar ta tsaya, ta ja numfashi da ƙirjin yarinyar.

"Sai masu motocin haya suka zo suna son lambar da ba ta motsi, shi kuwa nasa sun ƙare. Ya cire tawa ya ba su, ya mayar da ni kan ta aro. Wuta ta tafi, ta dawo, na nemi ƙofata na rasa. Na bi ɗaki-ɗaki ina ƙwanƙwasawa. Na fito waje, lunguna ƙarfe ya cinye. Duwatsun da kuke ji sallama nake yi, ba jifa ba. Na je masa a mafarki, na je masa a farke. Kullum amsarsa ɗaya ce: bari in gama wannan aikin."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ba a gina hukunci a kan maganar aljani, a cikinsu akwai maƙaryata kamar yadda muke da su. Maigida, kai nake tambaya."

Injiniya yana kallon ƙasa. Matarsa ta zuba masa ido tana jira ya ce ƙarya ne. Tana so ya ce ƙarya ne. Da ya faɗa, da ta yarda da shi ta ƙaryata duk aljanun duniya.

Ya ce, "Na ɗauka abin nan mafarki na yi. Da aka daɗe ba abin da ya faru, sai na ce ɗakin banza ne yake cin lamba. Da abin ya fara kuma, na ce in na sami wata lambar zan mayar masa. Kamfanin ne suke ta ja mini rai."

Ta ce, "Ranar da na durƙusa maka a bakin ƙofa, ka sani?"

Ya kau da kai.

Wannan ita ce ta karya ta, fiye da duwatsu, fiye da titi. Ta tuna azumin da ta yi, da kunyar haɗa ido da 'yarta, da yadda yake miƙa mata dabino da magariba yana cewa Allah Ya karɓa. Ya kalle ta tana narkewa a ƙarƙashin kayansa, bai ko ce ta sauke ta huta ba. Ba ta yi kuka ba, hawayen ma sun ƙi zuwa.

Malam ya juya ga yarinyar. "An ci amanarka, na ji. Amma wannan me ta yi maka? An zalunce ka, kai ma ka sami wadda ta fi ka rauni ka zalunta. Jiya saura ƙiris mota ta take ta."

"Ban shige ta don in cuce ta ba. Ƙafafu nake nema. Kuma ƙanshin kakarta take yi." Muryar ta yi ƙasa. "Ka bar mini ita da magariba kawai, sauran wuni nata ne."

"Ko ƙiftawar ido ban ba ka ba."

"To hannunta na hagu."

"Ko farce. Ka faɗi abin da yake haƙƙinka, shi za a ba ka."

Injiniya ya yi wuf ya ce, "Zan mayar masa da lambarsa. Wallahi da wuta ta dawo zan cire ta daga masu motoci in ba shi."

Bakin yarinyar ya yi wata dariya marar daɗi. "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Riƙe lambarka, ɗan Tsohuwa. Ko lungun ka share ka ba ni, na fasa. Darajar uwarka ta zaunar da ni, ita kuma ka kashe ta a wajena. Zan tafi, amma ba da bakinka ba." Idanun suka koma kan uwar. "Ke nake so. In wuta ta dawo ƙarfen ya tashi, ki zare shi da hannunki don in kwashe abin da ya rage nawa a ciki. Ki bar ƙofa a buɗe. Ki yi mini sallama yadda Tsohuwa take yi. Shi ke nan."

Malam ya ce, "In ta yi, za ka fita ba dawowa?"

"Na rantse da Wanda Ya halicce ni Ya halicce ku."

Suka zauna cikin duhu suna jira. Da wutar ta dawo, fanka ta fara juyawa, ƙugi ya taso daga lungu. Maman Balbela ta miƙa wa Malam yarinyar, ta miƙe ta nufi ɗakin. Rabonta da shiga cikinsa ta manta. Sanyi ya doki fuskarta, ƙananan fitilu kore da ja suna ta ƙyafta ido a jikin baƙin ƙarfen. Ta sunkuya ta kama babbar wayar da ke bango.

Sai ta ji mijinta a bayanta. "Tsaya, kada ki zare haka. Sai an rufe su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba kayan mai kantin magani za su iya lalacewa. Ki ba ni minti kaɗan."

Ta ɗago ta dube shi. 'Yarsa tana can kwance da tsoho a ƙirjinta, shi kuwa minti kaɗan yake nema. Ta ga shi kansa ya ji abin da ya faɗa, don bakinsa ya tsaya a buɗe, amma magana zarar bunu ce. Ta fizge wayar.

Ƙugin ya mutu. Ta koma bakin ƙofa, ta buɗe ta har bango, ta ce, "Assalamu alaikum. Ka sauka lafiya. Ka yafe mana."

Wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen kuncinta, ta kaɗa shanyar da ke tsakar gida, ta haura katanga. Daga baranda ta ji atishawa, ta sake ji, sannan wata 'yar murya ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Malam bai tsaya cin abinci ba. A bakin ƙofa ya ce wa Injiniya, "Alkawari kaya ne, ɗana. Kai kuwa ka ɗauki naka ka ɗora wa matarka." Ya yi tari, ya kama hanya.

Balbela ta warke, surutunta ya dawo har da riba, ba ta kuma tuna komai ba. Na'ura ma ta warke. Kayan mai kantin magani ba abin da ya same su, kuma daga ranar, wuta ta tafi ta dawo, kowane ɗaki yana nan da lambarsa. Sai dai ɗakin lungu ya daina sanyi. Ya koma ɗakin da ya fi ko'ina zafi a gidan, har sai da Injiniya ya kwashe kayansa ya dawo da su falo ya sa musu fanka. Ɗakin yana nan a buɗe, ba kowa.

Maman Balbela ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wajen kowa ba. Tana dafa abinci ta ajiye masa, tana wanke masa kaya, in ya gaishe ta ta amsa. Amma tun washegarin ranar ta ja keken ɗinkinta da katifarta zuwa ɗakin yarinyar, ta aika wa duk matan da ta mayar wa ɗinki cewa su dawo da shi. Ya ba ta haƙuri, ya ce tsoro ne ya rufe masa baki, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Ta ce ta ji.

Wata magariba ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, a hankali, duk da ƙofar a buɗe take. Tana zaune a gaban keke, yaduka sun taru a gefenta har sun kusa kai taga.

Ya ce, "Maman Balbela, ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Yaushe za ki dawo?"

Ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura saitin haske ta zura shi. Ta jawo wani yadin ta shimfiɗa a ƙarƙashin allurar, ta ɗora ƙafa a kan keke.

Ta ce, "Bari in gama wannan aikin."